Zayyana a Kan Tabarma

A shekarata ta ƙarshe a kwalejin horon malamai, malamin zane da aikin hannu ya ba mu aikin hutu. Lokacin gwamnati na neman malamai ruwa a jallo, don ana ta buɗe firamare a ƙauyuka, amma wannan bai sa malamin ya sassauta wa kowa ba. Ya ce kowa ya koma garinsu, ya nemi masu zane na wurin, ya zauna ya ga yadda suke aiki, sannan ya fitar da nasa zanen a kwali, na wani abin amfanin gida. Kafin mu tafi kowa ya rubuta abin da ya zaɓa a takardar malamin, kuma ba canji. Zanen da suka fi kyau za a ba masu sana'a su yi su, a baje su ranar yaye ɗalibai. Ni tabarma na rubuta, don na ga layi ne kawai a jikinta.

Na riga na faɗi darasin nan sau biyu. Malamin ya kira ni gefe ya gaya mini ba ɓoye-ɓoye: in na sake faɗuwa, sai na maimaita shekara. Mahaifina ya tsufa, ƙannena na jiran in kama aiki. Ba ni da shekarar da zan zubar.

Hannuna ba na zane ba ne. Abin da na iya shi ne tsari. Da na isa gida Gwandu na sami littafin rubutu, na ja masa layi, na raba kowane shafi: rana, wuri, abin da na gani.

Da hotunan littattafan karatunmu na firamare na fara, don su ne zanen da na fara so a duniya. Akwai manomi da fartanya, akwai mace a bakin rijiya, kuma ko yanzu ina mamakin yadda mai zanen ke fitar da gajiyar mutum da layi uku ko huɗu. Kwana uku ina kwaikwayo. Jakin da na zana ya fito kamar akuya mai ciki. Na rubuta a littafina cewa abu mai rai ya fi ƙarfina, na rufe wannan babi.

Daga nan na shiga motar kasuwa zuwa Kalgo, wurin kakata ta wajen uwa, wadda ke zanen ƙwarya da wuƙa mai zafi. Na same ta gindin murhu, ƙore a jere kusa da ita.

"Mijin nawa, yau da littahi kaz zo zance? Ina goron?"

"Goro sai na kama aiki, tsohuwa. Zanenki na zo gani."

"Miji ba goro, ba ko kwabo, sai takarda. To zamna can, kak ka tare min iska."

Wuƙa biyu gare ta. Ɗaya na cikin garwashi, ɗaya na hannunta, in ta huce ta musanya. Ba ta auna komai, ba ta fara shatawa da gawayi. Tana juya ƙwaryar a cinyarta, hayaƙi na tashi, layi na bin layi. Wani zanen ta ce ƙashin kifi ne, wani saƙar koma, irin wadda masuntan unguwarsu ke shanyawa a kan darni. Na tambaye ta wanne ake fara yi.

"Wanda wuƙa tas so."

"Ai ba a rubuta haka a littafi."

"To kai da littahin ku shirya."

Kwana biyar na yi. Na cika shafuka da ƙananan zane, amma raina bai kwanta ba. Na ga kyau, ban ga hanyar da mutum irina zai bi ya kai gare shi ba.

Na uku shi ne bappana, wan mahaifina, a nan Gwandu. Shi ke yi wa masu saukar Alƙur'ani zayyana. In ɗalibi ya kai ƙarshen karatu, sai a kawo allonsa, Bappa ya ƙawata takarda da tawada kala-kala, ya bar fili a tsakiya inda za a rubuta ayoyi, a manna ta a allon. Tun ina yaro nake wuce zaurensa, ban taɓa tsayawa na duba ba sai da aikin makaranta ya tilasta ni.

A wurinsa na sami abin da nake nema. Da tsinke ɗaya yake auna takardar duka. Ya karya shi daidai faɗinta, ya raba biyu, ya sake rabawa, ya ɗiga alama. Kusurwa huɗu yake fara tsayarwa, sannan gefe, sannan da'ira, wadda yake fitarwa da zare da allura. Baƙar tawada ke gaba, sai ta bushe ja ta shiga, sai rawaya, kore a ƙarshe. Bai taɓa saɓa wannan jeri ba. Daga hantsi yake zama, kafin azahar ya wanke alƙalumansa. Ba ya magana in yana aiki. Mako guda na yi gefensa ina kwafa. Ya tambaye ni sau ɗaya, na ce aikin makaranta ne, ya gyaɗa kai. Ban faɗa masa na mene ne ba, kuma wannan laifina ne, ba nasa ba.

Kwana goma na yi a kan babban kwalina, da rula da fensir da tawadar da Bappa ya sam mini. Na ɗauko zayyanarsa ɗungurungum na faɗaɗa ta daidai tsawon tabarma. Filin tsakiya na bar shi fari yadda yake bari, don na ga ya dace da wurin zama. Ban taɓa yin abu mai kyau kamarsa ba, kuma ban sake ba. Na tabbata na ci.

Saura kwana huɗu a koma makaranta na kai masa ya gani. Ya karɓa da hannu biyu, ya matsa bakin ƙofa wurin haske, ya daɗe yana dubawa.

"Ashe ɗan boko na da ido. Kusurwarka ta tsaya. Mi za a yi da shi?"

"Tabarma ce, Bappa. Masu saƙa za su bi shi da kaba mai rini."

Ya kai yatsa saitin filin tsakiya, bai taɓa shi ba.

"Nan hwa?"

"Nan mutum zai zauna."

Ya janye yatsansa. Sannan ya ce, "Izu nawa kat tsaya da anka kai ka boko?"

Ya sani sarai. Na ce ashirin da biyu.

"Shi ya sa. Da ka kai ƙarshe, da ka riƙa allon ga da hannunka ranar sauka, da ba ka yi wagga ba."

"Bappa, babu harafi ko ɗaya a ciki."

"Na gani, ai ba makaho ni ba. Amma duk yaron garin ga in ya ga zanen nan ya san abin da ka zama cikinai. Tun ina saurayi nika yin aikin ga, ban taɓa aje guda ƙasa ba."

Na ce malaminmu ba mutumin nan ba ne, ba zai sani ba.

"I, shi ba ya sani." Ya miƙo mini kwalin, da hannu biyu kamar yadda ya karɓa. "Kwalinka na, ɗana. Ni ban hana ka ba."

Na koma gida na zauna na bi maganar ɗaya bayan ɗaya, yadda na saba. In na kai kwalin, na ci, wataƙila ma a zaɓe shi. In an zaɓe shi, za a saƙa shi, a shimfiɗa, manyan baƙi su tako shi da takalmi. Ba zan iya cewa na bango ne ba, don sunana na takardar malamin, da tabarma a gabansa. In kuwa na sake wani, kwana huɗu ne gare ni a wurin goma, da hannun da na sani. Na so ƙwarai a ce Bappa ya hana ni, da na sami wanda zan ɗora wa laifi. Bai ba ni wannan sauƙin ba.

Washegari na koma zaurensa da sabon kwali. Na tambaye shi ko awon tsinke ma na masu sauka ne.

Ya yi dariya. "Tsinke na kowa na. Shara aka yi da shi."

To da tsinkensa na raba kwalin, na tsayar da kusurwa kafin gefe, na bi jerin tawadarsa. Abin da na zuba a ciki kuwa na kakata ne: ƙashin kifi a gefe, saƙar koma a tsakiya. Gaggawa ta sa ban jira baƙar ta bushe ba a kusurwa ɗaya, ja ta shige ta, wurin ya dame. Kore ban kai gare shi ba sam. Kwalin farkon na bar shi wurin Bappa, ya aza shi saman littattafansa.

A makaranta malamin ya duba kwalin, ya sa yatsa a kusurwar da ta dame, ya dube ni. Ya karɓi littafina yana buɗawa har ya kai shafukan zayyana, ya tsaya.

"Waɗannan sun fi wancan nesa ba kusa ba. Me ya hana ka amfani da su?"

Na yi masa bayani a taƙaice, ina tsaye, hannuna a baya. Ya saurara har ƙarshe.

"Ni abin da ke gabana nake ba maki," in ji shi. "Je ka."

Mako uku ban san matsayina ba. Da aka manna sakamako na fara dubawa daga sama, kamar kowa, ina sauka. Sunana ne na ƙarshe a cikin waɗanda suka ci, layin jan biro na ƙarƙashinsa. Ba a saƙa tabarmata ba. A ƙarshen shekarar aka tura ni wata firamare a ƙauye, aka ba ni aji biyu. Ban taɓa samun ƙarfin halin tambayar malamin ko kwalin ne ya fisshe ni ko littafin ba.