Irin da na shuka bayan rakuba

Tun farko in faɗa, kada wani ya riga ni: ni ne wawan wannan labari. Amma wauta ce mai hujja, irin ta wanda ya yi aji huɗu a makaranta, ya kuma shekara arba'in yana noma hawasha, gonar ban-ruwa, kusa da Wad Haddad.

Autar ɗiyata na karatun kimiyya a Madani. Shekarar da za ta gama, wuta ta yi ta ɗaukewa a makarantarsu, sai ta kwaso aikinta ta dawo gida. Kwalabe shida ne, kowace da wasu ƙwayoyi farare a ƙasa, ba su kai gero girma ba. Ta jera su a rakuba, inuwar karan da nake shan gahawa, ta ce kada kowa ya taɓa.

"Mi ne ne wannan?" na ce.

"Roba ce, Baba. Ni na yi ta da hannuna. Ana ɗiga maganin cikin ruwa, a yi ta juyawa har ya daskare ƙwaya-ƙwaya. In ta yi kyau, za ta riƙa kama dauɗar ruwan sha."

Ta ce kowace kwalba ruwanta daban: wata ruwa zalla, wata isbirto na wanke ciwo, wata abin da mata ke goge jan farce da shi. Kullum da safe sai ta auna yadda suka kumbura ta rubuta. Kwana talatin ake so, kuma da wannan za ta tsaya gaban malamanta su ba ta shahada, takardar shaidar gama karatu.

Na ce to. Amma raina bai kwanta ba. Roba dai na san ta, bokiti ya shekara goma a ruwa bai ƙara ƙiba ba. Abin da ke shan ruwa ya kumbura, a sanina, iri ne. Kuma da idona na ga mufattish, jami'in duba gonaki, ya sa an ƙone audugar wani maƙwabcinmu, don ya shigo da irin da ba a sani ba. Wa ya san abin da malaman birni suka ba yarinya ta kawo mana gona? Ita ba ta san mutane ba.

Na fara gadi. In ta auna ta tafi, ni ma in sa tabarau in auna da tsinke. Na kwalba ta biyu sun yi ɓul-ɓul kamar ƙwan kifi. Na ta biyar kuwa ko motsi. Na ce lalle wannan ƙishi ne ya kama su, ruwan kanti bai karɓe su ba.

Ranar kwana na ashirin, tana gidan gwaggonta, na yi nawa binciken. Na tsiyaye ruwan ta biyar, na cika ta da na tur'a, ruwan magudanar ban-ruwa wanda ya raya kakanninmu. Daga ta biyu na ɗebi cokali guda, na yi 'yar kunyar shuka bayan rakuba na shuka. In ya tsiro, in kama shi da ganyensa.

Da safe ta ɗaga kwalba ta biyar ta ga laka kwance a gindi. Ba ta yi ihu ba. Ta zauna da littafin awonta a cinya tana kallonsa.

"Wadda ba ta kumbura ba ita ce hujjata, Baba. Yanzu sai na koma Madani na sake haɗa wasu, in sun yarda su jira ni."

Na ce akwai awaki a unguwar nan masu wayo ƙwarai.

"Akuya ta buɗe murfi ta mayar?" in ji uwarta, wadda ke shara. Tsintsiyarta ce ta kai ga kunyar, ɗanya sharaf, don da asuba na ba ta ruwa. Ta tona da yatsa, ga ƙwayoyin nan.

Na gyara rawani na ce, "Hajiya, ilimi gwaji ne. Kare gidan nan nake yi. Kuma kwana ɗaya bai isa a ce iri bai fito ba."

"Kwayyis, ya Haj, madalla," ta ce. "Gobe ka shuka takalminka na roba kusa da shi. In ya yi 'ya'ya, ka tsinko ma ɗiyarka shahadar a kai."