Waƙoƙin Malam Ummaru a Gulbin Rima

Har gobe ban manta da ranar da aka haɗa ni da Madam Silbi ba. Lokacin ina jami'in al'adu a ƙaramar hukuma, wato ni ake kira idan an yi baƙo mai son ganin gari. Ita injiniya ce daga Faransa, ta zo duba injinan ban ruwa a Goronyo.

A mota ta yi ta nuna mini hotunan garinsu a waya, wani ɗan gari a gefen birnin Faris. Marubuta da dama sun zauna a can, kuma kowane gidansu an manna masa allo da sunan mai shi. Har kujerar wani an kewaye da igiya, kada a zauna. Ni kuwa ba na son a fi ni. Na ce mata mu ma muna da namu, ta shirya ta sha mamaki.

Marigayi Malam Ummaru na Taloka nake nufi. Ya yi shekaru yana rubuta waƙoƙi da ajami kan gina madatsar ruwa da ƙauyukan da aka tasa. Da idona na taɓa ganin takardun, cike da akwatin ƙarfe.

Da muka isa gidan Malam a ƙauyen Taloka, babban ɗansa, Bello, ya shimfiɗa mana tabarma. Bayan gaisuwa na ce a fito da akwatin.

Ya ce, "Yallaɓai, akwati na nan. Takardun dai mun kai su gulbi."

Na ce, "Mi kac ce?"

"Gara ta shiga, suna ta zuba ƙasa, awaki na takawa. Ga sunan Allah ciki. Shi na munka ɗaure su cikin buhu da dutse, munka sa ma ruwa. Ko mun yi laifi?"

Abin da ya fi ɗaure mini kai, Bello bai yi don wulakanci ba. Haka aka koya mana duka: rubutu mai tsarki idan ya lalace, ruwa ake ba shi. Girmama mahaifinsa ya yi.

Madam Silbi ta tambayi abin da ake ciki. Da na fassara mata, sai ta kashe wayar ta sa a jaka.

Na roƙa a tambayi Inna, matar Malam, ko ta haddace wani abu. Daga bayan labule ta rera mana baiti biyu, ta tsaya. Ta ce sauran sun ɓace mata.

Ku da kuka shigo aikin nan na kula da al'adu yanzu, kada ku jira sai an yi baƙo kafin ku leƙa gidajen tsofaffi. Mutanenmu ba sa raina rubutu, yadda suke girmama shi ne daban. Akwati guda Malam Ummaru ya cika, baiti biyu muka tsira da su.