Mahaucin da Ba Ya Gudu

Mai aski yana tsakiyar aiki bijimi ya tsinke daga mayanka, wuyansa a yanke rabi, jini na feshi a kan rumfuna. Kowa na gudu, ban da mutum ɗaya.

Mahaucin yana tafe a baya kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa. Dogo ne, kafaɗa ɗaya a sauke, kai a karkace. Hannayensa ba sa lilo, wuƙar tana ɗiga a yatsunsa. Mai aski ya ƙoshi da finafinan ban tsoro, ya san tafiyar nan: mugu ba ya sauri, don ya san inda za ka faɗi. Wannan, ko 'ya'yansa da jin takunsa za su yi tsit.

"Malam, yi sauri mana, zai kashe wani," in ji mai aski.

Mutumin bai juyo ba, wuya kawai ya murɗo. "Jininsa ke yi mini gudun."

Taku goma a gaba bijimin ya durƙushe. Mahaucin ya take ƙahon, ya ƙarasa yankan. Mai aski ya ɗaga askarsa zai ci gaba da aiki, wanda ake wa askin kuwa ya dafe maƙogwaronsa.