Murfin Kwalbar Kifin Inna

Zamanin Turawa, ina aikin kafinta a Kankiya, ƙafafun innata suka daina ɗaukar ta. Don ta samu abin kallo, na kamo 'yan kifaye a kududdufi, na zuba a babbar kwalba, na kai mata Kusada, inda take zaune.

"Ɗakin nan da duhu, ban ganin komi," in ji ta.

Sai na sassaƙa murfin katako, na huda tsakiyarsa daidai kan tocila, na bar ƙofofin iska. Da na kunna, kifayen suka fito sarai.

Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Kashe haka nan, su ma su huta."

Kullum bayan la'asar takan sa a kunna mata.