Ɗorawar da Ba a Sayar Ba

Ina aji uku a sashen shari'a na jami'a malamai suka tafi yajin aiki, aka ce kowa ya kama gabansa. Na dawo ƙauyenmu, can bayan Dawakin Tofa, da akwatin littattafai da buri guda: kafin a koma makaranta in samu ofishin lauya da zai ɗauke ni, ko da jera fayil ne. 'Yan ajinmu 'yan birni tuni sun samu, wannan kawunta lauya ne, wancan babansa abokin alƙali ne. Ni kuwa a danginmu kaf, wanda ya fi kusa da kotu shi ne kawuna da aka taɓa kaiwa ƙara saboda awakinsa sun shiga rogon mutane.

Baba ya ba ni sati biyu. Ya ce, "Ki sauka gidan gwaggonki a Bacirawa. In kin samu, ki zauna. In ba ki samu ba, ki dawo gida. Ba zan bar ki kina yawon ofis-ofis a Kano ba." Baba kuwa ba ya maimaita magana.

Na taka benaye har ƙafata ta yi ciwo. Ko'ina tambaya ɗaya ce: "A ina kika taɓa aiki?" A wani ofis haƙurina ya ƙare, na ce da mutumin, "Yallaɓai, in kowa ya ce sai wadda ta taɓa aiki, a ina zan taɓa?" Ya nuna min ƙofa da biro. Bakin nan nawa tun ina ƙarama yake ja min.

Ranar Alhamis ta sati na biyu na hau wani bene, ofishin wani lauya a saman shagon masu tayil. Sakatariya ta ce in jira. Ga kujeru nan reras, amma wata tsohuwa ta shimfiɗa mayafinta a ƙasa ta zauna, ɗanta na tsaye a gefe. Ina matsowa na ji ƙanshin daddawa a jikinta, irin na Kakata sak. Na durƙusa na gaishe ta. Ashe ƙauyensu bai fi rabin awa a babur daga namu ba. Kafin lauyan ya fito ta ba ni labari. Da aka raba gadon mahaifinsu, ƙanenta ya samu gona, ita aka ba ta ɗorawar da ke tsakiyar gonar. Bara ƙanen ya sayar wa wani Alhaji ɗan birni gonar, Alhaji ya kewaye ta. Da ɗorawa ta nuna, ta shiga ɗiba kamar kullum, ya maka ta a kotu, wai ta shigar masa gona ba izini.

Lauyan ya fito, dattijo mai furfura a gemu. A tsaye ya duba takarduna, ya miƙo min, ya ce babu gurbi. Na juya zan sauka, idona ya ciko. Sai na ji yana ce wa tsohuwar, "Inna, sai haƙuri. Wanda ya sayi gona ya sayi abin da ya tsiro a cikinta. Ba ki da takarda, mai unguwar da aka yi rabon a gabansa kuma ya rasu. Ba ni da abin da zan riƙe."

Wallahi ban san lokacin da na juyo ba.

"Barista, ba haka ake yi a wajenmu ba!"

Sakatariya ta zaro ido. Shi kuwa ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "To, yaya ake yi a wajenku?"

Na ce a wajenmu gona daban, itace daban. A gonar Babana akwai kukar da ba tamu ba, ta wasu maƙwabta ce, ko ganye ɗaya ba ma tsinka. Ƙanen Inna ba zai sayar da abin da ba nasa ba.

Ya ce, "Wannan na sani a littafi, 'yata. Kotu shaida take so. Ɗanta ya kawo min sunayen dattawa uku, duk sun ce ba sa wurin da aka yi rabo."

Na ce, "Ai maza ya tambaya. Mata masu daddawa za a tambaya. Su ke sayen kalwa duk shekara, kowace ɗorawa da sunan mai ita suke kiranta. Sai kuma wanda yake hawa ya kakkaɓo, shi ya san hannun da yake ba shi kasonsa."

Ya ce, "Litinin. Ki kawo min a rubuce." Litinin ɗin ce ranar da wa'adin Baba zai cika.

Na koma ƙauyenmu, Asabar da safe na ja Kaka muka hau babur zuwa ƙauyen Inna. Nan na yi wautar 'yan boko. Muna shiga gidan da ake dafa kalwa na zaro takarda da biro, na ce na zo ɗaukar bayani. Mata shida, kowacce ta ce ita ba ta san komai ba, wata ma ta tuna ta bar tukunya a wuta. Kaka ta harare ni ta ce, "Ke, mayar da wannan abin jaka. Naɗe hannun rigarki ki zo ki wanke kalwa, kina tsaye a kan mutane kamar mai karɓar haraji." Na ji kunya, na tsuguna. Muna murza kalwa a ƙwarya Kaka ta fara ƙorafi wai ta bana ba ta da auki. Nan take wata ta ce ai sai ta ɗorawar Inna, ita ce mai manyan ƙwaya, tun tana amarya a wajenta take saya. Wata ta karɓe, wata ta gyara mata. Kafin azahar, da kansu suka ce in ɗauko biron.

Mai hawan kuwa tsoho ne yanzu, ƙugiyarsa na jingine a zaure. Ya ce shi ya fi kowa sanin bishiyar, kuma ko sau ɗaya ƙanen bai taɓa ba shi kaso ba, Inna ce ke ba shi. Har ƙanen yakan tsaya a gindi ana kakkaɓa, bai taɓa ɗaukar ko ɗaya ba sai ta ce ya ɗiba. Na ce zai faɗi haka a gaban alƙali? Ya ce, "Ko a gaban Ubangiji."

Litinin na ajiye wa Barista shafi huɗu. Ya karanta da jan biro, ya yi musu jina-jina, ya ce Turancina ya yi tsawo. Bai ce uffan a kan aiki ba, sai dai, "Ki dawo Juma'a." Na kira Baba. Ya ce, "Ya ɗauke ki ko bai ɗauke ki ba?" Na ce ban sani ba. Ya ce Juma'ar ce ta ƙarshe.

A tsakanin nan Barista ya kira lauyan Alhaji ya karanta masa bayanan. Alhajin ba mugu ba ne, bai sani ba ne kawai. Ya ce a yi sulhu a gaban dagaci, zai janye ƙara, ya bar wa Inna ƙofa a katangar.

Juma'a da safe na zo da jakata a shirye, don in an ce a'a daga nan sai tasha. Ina zaune sai ga Inna ta hawo benen da ƙyar, da ƙwarya a rufe da faifai. Ta ce, "Ina 'yar nan? Ga tukuicinki." Daddawa ce, curi-curi, sabuwa. Nan da nan ofis ya ɗauka. Sakatariya ta toshe hanci ta leƙa ciki ta ce, "Barista, don Allah ina za a kai wannan abu?"

Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Ajiye mata a kan teburinta."

"Wane tebur?"

"Na jikin taga. A kwashe fayilolin da ke kai."

Na yi alfahari a ranar, ba zan ɓoye ba, har yau in na tuna sai ƙirjina ya cika. Na fita matakalar bene na kira Baba. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Tebur naki ke kaɗai?"

Na ce, "Nawa ni kaɗai, Baba."

Ya manta bai kashe wayar ba. Ina ji yana ce wa mutanen da suke zaune tare a ƙofar gida, "Sun ba ta tebur."