Hannun Kawu a Kan Gilashi

Ni ba makaɗi ba ne. Malamin firamare ne ni a Talata Mafara, kuma zaman banza ne ya sa na sauke manhajar jita a wayata, irin wadda tsirkiyoyi shida ke fitowa a gilashi, in ka shafa su yi ƙara. Sati biyu ina damun maƙwabta da ita kafin na tafi Damri duba Kawu.

Kawu yayan mahaifiyata ne, a hannunsa na girma. Manomi ne, amma duk ƙasar Bakura da molo aka san shi. Idan ana gayya shi ke bin bayan manoma yana kaɗawa. Hawan jini ya kayar da shi wata damina, ɓarin damansa ya shanye. Ƙafar ta dawo sannu a hankali, hannun kuwa yana ɗaguwa amma yatsun ba sa jin komai. Molon ya ba wani, ya ce ba ya son ganinsa rataye.

Ina zaune gefensa gindin dogon yaro a ƙofar gida, na ɗan shafa jitar. Ya juyo da sauri.

"Mi na na ka kuka cikin wayag ga?"

"Jita ce, Kawu. 'Yar'uwar molo ce ta Turawa."

"Miƙo in gani."

Nan na zama malaminsa, har da gyara zama. Na goge gilashin da bakin rigata, domin maiƙo kaɗan yana hana shi jin taɓawa. Na kwantar da wayar a kaikaice kan cinyarsa, na ƙara faɗin tsirkiyoyin, na kashe layi kada kira ya katse mu. Na ce kada ya sa farce yadda ya saba, gilashi bai san farce ba, sai tsokar yatsa. Na ce kada ya danna, shafawa ake yi. Yatsun manomi sun yi kanta, gilashin ya ƙi su, sai na sa ya ɗan jiƙa su a buta. Duk ya bi, kamar ɗan aji ɗaya.

Abin da ya fito ba kiɗa ba ne. Tsirkiya uku su yi kuka tare, sai shiru, sai wata ta yi ƙara ita kaɗai. Ya gwada ya fi sau goma. Daga nan ya zuba wa hannun ido, kuma wannan kallon ne na kasa jurewa.

Akwai wani maɓalli a kusurwa. Idan ka kunna shi, taɓawa ɗaya ta isa, jitar za ta ci gaba da kaɗa kanta har sai an tsayar. Na ce bari in gyara masa, na karɓa, na zaɓi wani kiɗa mai sanyi mai kama da taken noma, na mayar masa. Ya taɓa, kiɗa ya zubo tsaf. Yatsunsa suka shiga bin sa a kan gilashin, shi kuma ya ɗauka kiɗan ne ke bin su.

Da lafiyarsa ba zan iya ruɗinsa ko na minti ɗaya ba. Amma yatsun ba sa gaya masa komai, ga shi yana son warkewa fiye da komai. Ya yi dariyar da rabona da jinta tun kafin ya faɗi.

"Kai! Ashe hannun na nan. Bacci dai ya yi."

A nan ya kamata in faɗa masa. Na ce a raina sai gobe.

Goben ta zama wata biyu. Kowace Asabar in hau mashin in je, in kunna maɓallin tun ina hanya. Na ƙware a ƙaryar. Ba na matsawa daga gefensa, da na ga zai ɗaga hannu sai in yi wuf in karɓe, in ce caji zai ƙare. Wani lokaci yakan ce yana son ya juya kiɗan amma ta ƙi, in ce ai jitar Turawa taurin kai gare ta. Ya fara cin abinci sosai, ya koma fita gona da sanda. Mahaifiyata ta yi ta sa mini albarka, ni kuma ina amsawa da amin ba kunya.

Wata Asabar na iso bayan la'asar na tarar an shimfiɗa tabarmi biyu, dattawa biyar na zaune. Kawu ne ya tara su su ji da kunnensu. Na miƙa masa wayar, maɓallin a kunne kamar kullum. Ya taɓa, ya fara, har da ɗan rera waƙa ƙasa-ƙasa. Dattawan suna gyaɗa kai, ɗaya yana share ido. Matar Kawu ta yi kira daga zaure a zo a ɗauki fura. Ni ne ƙarami a wurin, ba yadda zan yi, na tashi. Taku goma ne kawai.

Ina fitowa da ƙwarya a hannu, ɗan acaɓa yana sauke wani tsoho. Abokin Kawu ne daga Janbako ta ƙasar Maradun, wanda ya yi masa amshi shekaru da yawa, aika masa aka yi ya zo. Ya yi sallama ya durƙusa. Kawu ya ɗaga hannun daman nan da alfahari, ya tallafe gwiwar hannun da na hagu, ya miƙa masa.

Jitar kuwa ta ci gaba da abinta a kan cinyarsa.

Gaisuwar dattawanmu ba a yanke ta. Lahiya, ya hanya, ya iyali, ya ƙarhin jiki, ya ruwa, ya mutanen Janbako, kowace da amsarta, hannu cikin hannu. Duk tsawon wannan kiɗan yana tafiya tsaf, ba kuskure ko ɗaya. Na ga lokacin da idon Kawu ya sauka kan wayar, ya koma kan hannunsa da ke cikin na abokinsa. Bai fasa amsa gaisuwar ba, muryar ce kawai ta ragu. Ina tsaye riƙe da fura, na rasa inda zan ajiye ta.

Ba wanda ya yi dariya, da ma sun yi da ya fi mini sauƙi. Wani dattijo ya ɗauko zancen tsadar taki, sauran suka kama da sauri. Na lallaɓa na kashe wayar. Suka sha fura, suka watse tun rana ba ta faɗi ba.

Muka rage mu biyu. Na durƙusa gabansa.

"Tun yaushe?" ya ce.

"Tun ranar farko, Kawu."

"Dut ba ni na ba?"

"Taɓawar farko taka ce."

Na fara bayani, cewa tausayi ne, cewa na ga yana cin abinci. Ya ɗaga mini hannun hagu ya dakatar da ni. Ba faɗa a fuskarsa, kuma ni faɗan nake roƙo.

"Jiya Jumma'a, da anka sallame, na tashi tsaye cikin masallaci," ya ce. "Nic ce jama'a su taya ni godiya, Allah ya maido min hannuna. Liman yay yi addu'a, kowa ya shahwa. To kai da ka yi boko, hwaɗa min, Jumma'a mai zuwa mi za ni ce musu?"

Jumma'ar da ta zo, mahaifiyata ta kira ni ta ce a ɗaki Kawu ya yi sallarsa.