Labbo da Fijon Inna Gudiya

A Sabon Garin Jega, bayan layin masu faci, akwai wata rumfar kwano ƙarƙashin dogon yaro. Nan Labbo bakanike yake zama tun gashin kansa yana baƙi.

Ɗan Katanga ne, gidansu manoma. Mahaifinsa ya so ya gaje shi a fadama, amma Labbo da ya ji kukan mota a hanya sai ya yar da fartanya ya kafa kunne. Ranar da ya dasa albasa kunya guda kai a ƙasa, tsohon ya dube shi ya ce, "Tafi Jega. Ƙarfe dai bai mutuwa don an juya shi."

Ya yi kwandasta, ya yi tuƙi shekara tara tsakanin Jega da Maiyama, daga baya ya zauna gyara. Fijo ce sana'arsa. Motocin yanzu, waɗanda sai an jona musu kwamfuta suke faɗin ciwonsu, ba ya ko ɗaga musu bonet. Da Fijo ta yi ƙaranci a hanya sai ya koma gyara wa manoma injin ban ruwa, yana yi yana tsaki.

Bara, bayan an kwashe albasa, sai ga Alhaji Lawali, wani dillalin albasa na Aliero, ya sa an jawo wata farar Fijo 504 da igiya. Ta marigayi mahaifinsa ce, shekara ashirin kaji suna ƙwai a kujerar baya. Mahaifiyarsa, Inna Gudiya, ke son zuwa Maiyama ganin ƙanwarta, ta kuma ce ba ta shiga motarsa mai sanyin nan da ke sa ta jiri. Ko motar Malam, ko ta zauna.

Wata uku Labbo ya yi a kanta. Ya sauke inji, ya canza fistan da ringi, ya aika har Kaduna neman kaya. Ranar da ta tashi, masu faci har tafi suka yi. Saura abu ɗaya, saitin bawul. Tsakanin kowane bawul da ɗan ƙarfen da ke danna shi akwai rata wadda ba ta fi kaurin takarda ba. In ta yi yawa, inji ya riƙa ƙyas-ƙyas kamar keken ɗinki. In ta matse, bawul ya ƙone. Kuma ba a aunawa sai inji ya huce sarai, don ƙarfe in ya ji zafi miƙewa yake.

Nan aka sami matsala. Alhaji Lawali ɗoki ya hana shi sakat. Kullum da safe, kafin Labbo ya gama karin kumallo, ya iso da abokansa ya tayar da mota yana taka totur don su ji. Labbo ya zo ya ɗora hannu a kan inji, ya janye da sauri. Kwana uku ana haka. A na huɗu Labbo ya riga shi zuwa, ya zare rota, ɗan abin da ke raba wa inji wuta, ya jefa aljihu.

Alhaji ya murɗa makulli a gaban baƙi, mota ta yi tari ta yi shiru. Ya sake, haka.

"Baba Labbo! Ta lalace!"

"Lafiyarta lau, Alhaji. Azumi takai. Sai gobe da hantsi ta sha ruwa."

Washegari Labbo ya cire murfin inji, ya fiddo ma'auninsa mai siraran ganyen ƙarfe. Ya juya inji da sifana, ya sassauta noti, ya zura ganye, ya murɗa sukudireba har ganyen ya riƙa shiga da ɗan ja, kamar wuƙa a cikin ɗanyen rogo, sannan ya ɗaure. Bawul takwas, kowanne sai da ya koma masa sau biyu. Da ya mayar da rota ya tayar, sai ka sa kunne kafin ka san inji yana aiki. Labbo ya gyara hula, ya tuƙa ta da kansa har ƙofar gidan a Aliero.

Inna Gudiya ta fito a hankali, ta zagaya motar, ta karkata kai tana sauraro.

"Wagga ba motar Malam ta ba."

"Inna, ita ta," in ji Alhaji Lawali. "Dubi lambarta."

"Ni ban san lamba ba. Motar Malam magana takai. Tun daga kwanar kasuwa nike jin ƙyas-ƙyas ɗinta, in tashi in aza ruwan wanka. Wagga bebiya kunka kawo min."

Labbo ya ji kamar an watsa masa ruwan randa. Shekara arba'in yana kashe wannan ƙara a motocin mutane, yau ita ake nema. Ya yi bayani, ya kawo misali. Inna ta ce ta ji, Allah shi yi albarka, ta juya za ta shige gida.

"Dakata, Inna," ya ce. "Amma sai ta huce."

A zaure ya wuni, ya ci tuwon shinkafa, ya sha fura. Bayan la'asar ya buɗe murfi, ya zaɓi bawul ɗaya na hayaƙi ya sassauta shi ɗan kaɗan, iyakar abin da ya san ba zai cuci inji ba. Ya tayar.

"Ƙara kaɗan, ɗan nan," in ji Inna.

Ya rintse ido ya ƙara. Ƙyas-ƙyas-ƙyas. Inna ta share ido da gefen mayafi, ta ce a ɗauko mata jakarta.

Kashegari Labbo ya kai ta Maiyama, tana baya tana faɗa masa inda Malam yake rage gudu. Suna shiga gari, wani tsohon abokin sana'arsa, Alu, ya taso daga benci yana dariya.

"Labbo, tsufa ya kama kunnenka! Ba ka jin bawul? Kawo in gyara maka kyauta."

Kafin Labbo ya buɗe baki, Inna Gudiya ta leƙo ta taga.

"Kai, wa ya aike ka? Taɓa ta ka gani!"

Alu ya ja da baya yana ba da haƙuri. Labbo ya sa giya ya wuce.